Kason Naman Tin-sung

Shafi na 19

Sannunku da jira. Mai karatun da ta rubuto cewa na bar ta tsaye a bakin ƙofa kwana huɗu, ki yi haƙuri, 'yata. Da yatsa ɗaya nake danna wayar nan, kuma yatsan ya shekara saba'in da huɗu. Masu tambaya ko na sa hannu, ku nemi wuri ku zauna.

Takarda ɗaya ce, layi bakwai. Kwok-leung, ɗan ɗan'uwana da ya taso takanas daga Manchester, shi ya shimfiɗa ta a teburina, ya ture kofin shayina gefe, ya ɗora biro a kai.

"Baffa na Shida, nan kawai za ka sa hannu."

"Karanta mini. Aji uku na yi a makaranta, biyu daga ciki ina bin agwagi."

Ya karanta. Wai ni, Yau Kam-fuk, mai riƙon amanar gandun Babban Kaka, na rantse cewa Yau Tin-sung, wanda aka kunna wa fitila a shekarar yunwa, ba a ƙara jin ɗuriyarsa ba kusan shekara tamanin, kuma a iya sanina ba ya raye.

Wanda ya shigo a tsakiya, ga abin a gurguje. Babban Kakanmu ya bar gandu, ya ce ba na ɗa ɗaya ba ne, na duk namijin da zai fito daga tsatsonsa ne. Yaron da aka kunna wa fitila a zauren kakanni aka rubuta sunansa a littafi, yana da kaso daga ranar har ya mutu. Ba a sayarwa sai kowane mai rai a littafin ya yarda. Sunana ne a takardar ƙasa a ofishin gunduma, ni ke riƙe da hatimi, amma ko ganye ɗaya ba zan tsinka in ce nawa ne ni kaɗai ba.

Maza arba'in da uku sun yarda a sayar wa masu gina benaye. Har da ni. Ni na fara sa hannu ma, don wayo, kada a ce mai riƙon amana ne ke tare hanya. Na san akwai suna ɗaya da ba zai taɓa sa hannu ba: Tin-sung, wana, wanda ban taɓa gani ba, wanda aka ce iyayenmu sun ba wasu fatake masu tafiya Sandakan, can ƙetaren teku, lokacin yaƙi. Shekara goma sha ɗaya ina fakewa da shi. Duk wanda ya zo da maganar ciniki, sai in ce a nemo Tin-sung. Har wasiƙa na riƙa aikawa Sandakan, zuwa wani adireshi da na ƙaga a kantin shayi.

Dalilina ɗaya ne. Bukkar Yayata Lin-ho tana tsakiyar gandun nan, cikin itatuwan longan. Mace ce, ba ta cikin littafi. Ran da aka sayar, daga kicin ɗinta motar rusau za ta fara.

Na dubi 'yata Wai-sum, da ke tsaye jikin taga.

"Ke da na yi wa karatun lauya da soyayyen kifi da dankali, haka abin yake?"

"Haka yake, Baba. Mutum ya ɓace tsawon shekarun nan, ana iya neman a ɗauka ya mutu. Rantsuwarka ce za ta buɗe ƙofar."

"In na ƙi fa?"

"Su karɓe hatimin, su ba wanda zai rantse."

Kwok-leung ya yi sauri ya ce, "Ba mai son a kai ga haka, Baffa."

"Kai ne wanda za a ba?"

Ya sosa ƙeya. Kada ku zage shi a ƙasan shafin nan, ba mugu ba ne. Ni na koya masa riƙon wuƙa a kicin ɗina na Hull, can ƙasar Turawa, yana ɗan shekara goma sha shida, yana yanke yatsa yana kuka.

"Na samo wa Gwaggo Lin-ho ɗaki a bene," ya ce. "Hawa na goma sha biyu. Akwai lif, asibiti yana ƙasa."

"Matar da ko kan kujera ba ta yarda ta taka?"

"Baffa na Uku kuma yana gidan tsofaffi, su shida a ɗaki ɗaya. Shi ma jinin Babban Kaka ne."

Sai na ɗauki kofina na kurɓi shayin da ya huce.

Wai-sum ta jawo kujera ta zauna kusa da ni.

"Baba, ka san Turawa ma haka suka faro? Mutum zai tafi yaƙi ƙasa mai nisa, sai ya mai da gonarsa sunan amininsa, ya ce riƙe wa matata da 'ya'yana. Ya dawo, amini ya ce ai sunana ne a kai. Sai alƙalansu suka ce, suna naka, amfani nasu."

"Shekara talatin da ɗaya na yi a ƙasarsu, ba wanda ya gaya mini."

"Ba ka fito daga kicin ba ai. Da suka zo nan suka tarar da namu, suka ce wannan ɗan'uwan namu ne, sai dai namu yana da ranar ƙarewa, naku babu. Suka bar mana."

"Suka bari don sun rasa ta inda za su kama shi."

"Na ji. Abin da nake so ka gane, mai riƙon amana ba ya zaɓen wanda zai riƙe wa. Mutanen littafi kake riƙe wa. Gwaggo ba ta ciki."

"Ke ma ba kya ciki."

"Na sani tun ina 'yar shekara biyar, ran da na miƙa hannu a wajen rabon nama aka yi mini dariya."

Kwok-leung ya miƙe ya naɗe takardar. Ya ce gobe, tara ga watan tara, duk za a hau tudu sharar kabarin Babban Kaka. In an gama rabon nama, in sa hannu a gaban kowa, jibi mu je ofishin gunduma in ɗaga hannu in rantse. Ya tsaya a bakin ƙofa.

"Baffa, ka ci abinci kuwa?"

"Fita, ɗan banza."

Rana na tsaka na ɗauki sandata na nufi gandu.

Na sami Yaya Lin-ho a gindin babban longan, tana naɗe wainar shinkafa a ganyen ayaba, ta gobe. Ko kai ba ta ɗago ba, ta kira ni da sunan gida.

"Ah Fuk, tafiyarka ta mai laifi ce. Me ka fasa?"

"Yaya, ban fasa komai ba."

"Haka ka ce ran da ka fasa tulun Inna. Zauna. Wanke hannu ka yanka mini ganye."

Na zauna ina yankan ganye kamar yaro. Matar nan ita ta goye ni. Ita ta yi aikin masana'antar furannin roba har na sami kuɗin jirgi. Ina can ina soya kifi, ita tana nan tana juya Baba a gado, bayansa ta juya Inna. Ba ta yi aure ba. In aka tambaye ta sai ta ce ta ga mazan ƙauyen nan tun suna yawo ba wando, me ya rage?

"Yaya, wayona ya ƙare."

"Dama yana da yawa ne?"

Na gaya mata komai. Takardar, rantsuwar, hatimin, hawa na goma sha biyu. Na ce ba sai ta je bene ba, ta dawo gidana, ɗakin ƙasa, in sa a dasa mata longan a tukunya.

"Longan a tukunya," ta ce. "Kai ma a tukunya aka dasa ka, shi ya sa ba ka yi tsawo ba."

"Yaya, da gaske nake."

"Me takardar ta ce? Faɗa mini daidai."

"Wai a iya sanina Tin-sung ba ya raye."

Hannunta ya tsaya a kan ganye.

"To ka sa hannu mana."

"In na sa, gidanki ya tafi."

"In ba ka sa ba ma ya tafi, kai kuma a tsige ka a gaban yara. Ka sa. Yau dai a iya saninka gaskiya ce."

"Yau dai?"

Ta ɗaure waina ɗaya, ta ɗaure ta biyu, ta uku ta kwance mata a hannu.

"Yaya, me kike nufi da yau dai?"

"Ah Fuk, shekara nawa kana kawo mini kason naman Tin-sung?"

"Tun da na karɓi hatimi. Ashirin da uku."

"Da can, zamanin Inna, wa ke kawowa?"

"Baba."

"Me Inna take cewa in an kawo?"

"A ba Lin-ho ta ajiye masa."

"Ka taɓa ganin gasasshen alade da aka ajiye shekara tamanin?"

"Ai na san ci kike yi. Kowa ya sani. Na ɗauka tausayi ne, tunda mace ba ta da kaso."

"Inna ba ta san tausayi ba. Hakki ta sani."

Ta goge hannu a zani, ta shiga bukka. Na ji tana jan abu daga ƙarƙashin gado tana zagin gwiwarta. Ta fito da wani tsohon gwangwanin biskit, ta ɗora mini a cinya.

"Buɗe."

Jan ƙyalle ne a ciki, ya koɗe. Cikin ƙyallen, ɗan kwaɗon tagulla mai siffar na kulle ƙofa, da zarensa, irin wanda dattawan zaure ke rataya wa kowane yaro a wuya ranar fitilarsa. Nawa yana aljihun teburina har yau. Karatuna bai da yawa, amma sunan da aka zana a jikin wannan kwaɗon, shekara ashirin da uku ina kiransa daga littafi. Na san shi kamar fuskata.

Tin-sung.

"Ashe ba su ba da shi da kwaɗonsa ba," na ce.

"Kai, wannan yaro! Wai kai ne mai wayon ƙauye?"

"To me?"

"Ba wanda aka bayar. Ba fatake. Ba Sandakan. Wasiƙunka ma da kake aikawa, na riƙa jin tausayin mai kai wasiƙa."

Na dube ta. Ta dube ni.

"Ni ce."

Wuƙar ganyen ta faɗi daga hannuna.

"Yaya, kada ki yi mini wasa. Ina shan maganin zuciya."

"Shekarata nawa?"

"Saba'in da tara."

"Tamanin da ɗaya. Duk matan duniya suna rage shekara don kwalliya, ni an rage mini don shinkafa."

Ta koma ta zauna, ta jawo kwanon ƙullun, ta ci gaba da naɗi tana magana, kamar labarin wani gida take ba ni.

"Shekarar nan mutane saiwar itace suke ci. Shinkafar gandun Babban Kaka kaɗai ta rage a rumbun zaure, ana rabawa kan sunan littafi. Namiji mudu guda, ko jariri ne. Mace ko ƙwara. Inna ta haife ni ba ta da nono, don ita ma ba ta ci ba. Kakarmu ce ta karɓi haihuwar. Ta duba, ta naɗe ni, ta fita tsakar gida ta ɗaga murya ta ce namiji ne."

"Ba wanda ya duba?"

"Cikin sanyin watan ɗaya, wa zai kwance jariri? Kowa cikinsa yake ji. Baba ya hau tsani ya kunna fitila, hannunsa na rawa, mutane suka ce murna ce. Aka rubuta suna. Aka ba da mudu. Da ruwan shinkafar nan na rayu, Inna ma ta rayu. Da ba ta rayu ba, ina za a samo ka?"

Na sauke gwangwanin daga cinyata.

"Da na fara girma suka ga asiri zai tonu, sai suka haye kogi zuwa dangin Inna. Bayan yaƙi suka dawo da 'yar yarinya ƙanƙanuwa, yunwa ta hana ta tsawo. Suka ce ƙanwarsa ce, shi an bayar. Wa zai tambaya? Gidaje nawa suka ba da 'ya'ya a shekarun nan?"

"Yaushe kika sani?"

"Daren da Inna za ta tafi. Ta ba ni gwangwanin nan, ta sa na rantse. Ta ce sun yi ƙarya a gaban kakanni, sun ci mudun da ba nasu ba, a shekarar da aka binne yara a wasu gidajen. Ta ce in na faɗa, za a ciro allon sunan Baba daga zaure."

"Shekara talatin kina zaune da wannan?"

"Da biyu."

"Kina kallona ina neman Tin-sung?"

"Ina kallonka kana ƙarya don ni. Ya fi mini naman daɗi."

Idona ya cika. Ta miƙo mini ganyen ayaba wai in share.

"Yaya, shi ke nan ai! Sunanki yana littafi. Kina raye. Ba ki sa hannu ba."

"Rufe baki."

"Ko da alƙali bai yarda mace ta zama ɗan littafi ba, Wai-sum za ta ja su shekara goma kafin..."

"Na ce rufe baki. Na faɗa maka ne don kada in mutu da shi ni kaɗai, ba don ka kai kasuwa ba. Gobe ka sa hannu."

"Yanzu kuma? Da ɗazu na rantse, da ban sani ba. Me ya sa kika gaya mini kafin, ba bayan ba?"

Ta ajiye wainar da ke hannunta.

"Ka kashe shi, Ah Fuk," ta ce a hankali. "Na gaji da cin namansa. Bukka ce kawai. Sunan Baba ya fi bukka."

"In ɗaga hannu in ce kin mutu?"

"Ba ni ba. Shi."

"Ina bambancin?"

"Ɗauki waina shida ka tafi. Biyu na Wai-sum ne, kada ka cinye a hanya."

Ban faɗa wa Wai-sum ba. Na kai mata wainarta dai, guda ɗaya.

Washegari muka hau tudu. Maza sun zo daga ko'ina, wasu da yaren garin ma ba ya zama a bakinsu. Aka share kabari, aka sabunta jan fenti a rubutun dutse, aka kunna turare, muka rusuna layi-layi, manya gaba. Aladu uku gasassu a kan katako, fatar tana sheƙi. Mata suna can ƙasa gindin bishiyar kafur inda suka saba tsayawa da kwanduna. Na leƙa ban ga Yaya ba. Shekara shida ke nan gwiwa ta hana ta hawa.

Na buɗe littafi. Mahauci ya wasa wuƙa. In kira suna, mai suna ya amsa, a miƙa masa ƙunshinsa. Wanda ke ƙasar waje ɗan'uwansa ya karɓa masa. Aka yi ta barkwanci, wannan ya ce an ba shi ƙashi, wancan ya ce likita ya hana shi kitse amma likita bai hau tudu ba.

Sunan da ya fi kowa tsufa a ƙarshe ake kiransa, don girmamawa. Sau uku, haka al'ada take in mai suna ba ya nan.

"Yau Tin-sung."

Shiru.

"Yau Tin-sung."

Wani daga baya ya ce, "Jirgin Sandakan ya makara." Aka yi dariya.

Ban kira na uku ba. Kwok-leung ya matso da takarda da biro, ya rage murya.

"Baffa, kira na ƙarshe, a rufe. Ga wuri nan."

Na karɓi biron. Na dubi layi bakwai ɗin nan. Na dubi dutsen Babban Kaka. Na yi ƙarya a rayuwata, kun sani, na faɗa muku wasu a shafukan baya. Na yi wa jami'in shige da fice, na yi wa mai duba kicin, na yi wa matata a kan cacar tseren doki. Amma duk ƙaryar da na taɓa yi, don wani ya rayu na yi ta.

Na mayar masa da biro.

"Ba zan rantse ba."

"Baffa..."

"Ba zan rantse ba, na ce."

"Dalili?"

"Ba ni da dalilin da zan ba ka."

Tudu ya ɗauki hayaniya. Wani ya ce tsufa ne. Wani ya ce dama can wasa nake yi da hankalinsu. Ɗan Baffa na Uku ya taso har gabana, idonsa ja.

"Ubana yana kwance su shida a ɗaki, kai kana gadin itatuwa! Ka riƙe mana amana ko ka riƙe wa kanka?"

Bai yi ƙarya ba, shi ya sa ta yi mini zafi.

Na sa hannu a aljihu na ciro hatimin. Shekara ashirin da uku yana jikina, har ya ci aljihun riguna uku. Na ɗora shi a kan littafi, na miƙa wa Kwok-leung da hannu biyu.

"Karɓi. Wanda zai iya rantsewa ya rantse. Ni dai ba da bakina ba."

Kwok-leung bai karɓa ba. Fuskarsa ta koma irin ta ran da ya yanke yatsa.

"Baffa, kada ka sa ni yin wannan a gaban kabari."

"Karɓi, hannuna ya gaji."

"A karɓa!" in ji na baya. "A karɓa a wuce wurin!"

Ya miƙo hannu.

"Kai, Kwok-leung. Sauke hannun nan kafin in sauke maka shi."

Duk muka juya.

Tana bakin matakalar ƙarshe, hannu ɗaya a kan sanda, ɗaya a kafaɗar Wai-sum, tana haki kamar za ta faɗi. Matakala ɗari biyu da arba'in. Ta sa baƙar rigarta ta biki. Ta wuce bishiyar kafur, ta wuce inda mata ke tsayawa, ta taka filin kabari inda ƙafar mace ba ta taɓa takawa ranar rabo ba.

"Gwaggo, nan wajen maza ne," in ji wani.

"Na sani. Ni na wanke maka gindi, matsa."

Ya matsa.

Ta zo gabana. Ta dubi hatimin da ke hannuna, ta harare ni.

"Na ce ka sa hannu, ban ce ka tsaya yara su tsige ka ba. Mai da abin nan aljihu."

"Yaya, Inna fa?"

"Ni zan yi mata bayani. Na kusa zuwa ai."

Ta sa hannu a wuyan rigarta ta jawo zare. Kwaɗon tagulla ya faɗo a ƙirjinta, ta goge shi har yana ɗaukar rana. Dattawan layin gaba suka matso suna ƙifta ido. Na ga bakin ɗaya daga cikinsu yana karanta sunan ba murya.

Wai-sum ta dube ni, ta dubi kwaɗon, ta rufe baki da hannu.

"Sau nawa ka kira?" in ji Yaya.

"Biyu."

"To me kake jira?"

Na buɗe littafi, ko da yake ba na ganin komai a ciki. Muryata ta fita kamar ta ɗan akuya.

"Yau Tin-sung."

"Ga ni," ta ce.

Ta miƙa wa mahauci hannu biyu. Mahauci ya dubi Kwok-leung, Kwok-leung ya dube ni, wuƙa tana tsaye a sama.

"Yanko mini wajen fata," ta ce. "Shekara tamanin da ɗaya ana aiko mini da abin da ya rage. Yau da kaina na zo."